Malamin Ƙauye da Juyin Fasahar Dijital: Darasi Daga Runka da Kewayenta

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda juyin fasahar dijital ya iske makarantu da malamai a Runka da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙananan hukumomin Safana da Batsari na Jihar Katsina. Ta ɗauki watannin ƙarshen shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a yankin, a matsayin ma'aunin da za a auna kowane shiri da shi. Hujjar takardar ita ce fasahar ta riga ta shiga Runka ta aljihun jama'a, makaranta ce aka bari a baya, kuma hanyar cim mata ita ce a fara da malami da wayar da ke hannunsa, a gina tsarin da zai yi aiki ko da babu sabis babu wuta.

1.0 Gabatarwa



A shekarar 2011 Jamusawa suka fito da laƙabin "masana'antu na huɗu" a bajekolin birnin Hanoba, sannan a 2016 Klaus Schwab, wanda ya kafa taron tattalin arzikin duniya da ake yi a Dabos, ya yayata batun da wani littafi nasa. Lissafin nasu sananne ne: juyi na farko injin tururi, na biyu wutar lantarki, na uku kwamfuta, na huɗu kuwa injuna masu magana da junansu ta intanet, masu koyo daga bayanan da ake ɗura masu. Tun daga nan kusan kowane taron ilimi sai an tambayi yadda malami zai daidaita da wannan sabon zamani.

Tambaya ce mai kyau, amma akasari a ɗaki mai sanyi ake yin ta, janareta na ruri a bayan taga. Ni ina so in ɗauke ta in kai ta Runka, gari ne a ƙaramar hukumar Safana, a bakin dajin Rugu wanda ya miƙe har iyakar Zamfara. Na zaɓi Runka ne saboda a can juyi na biyu ma bai gama isa ba, ga na huɗu yana ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da kowa ya sani na tarihin yankin, da kuma abin da idona ya gani a zirga-zirgar duba ɗalibanmu masu sanin makamar koyarwa.

2.0 Ta ina fasahar ta shigo?

Idan an ce fasahar zamani a makaranta, hoton da ke zuwa wa jami'in ilimi shi ne ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda. Amma a ƙauyukanmu ta kasuwa ta shigo. Wayar salula ta zo Nijeriya a 2001, cikin 'yan shekaru ta kai rugage. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya koya wa mai sayar da hatsi da mai nama karɓar kuɗi ta waya, darasin da babu wata bita da ta taɓa koya masu.

A je rumfar mai cajin waya ranar kasuwa a tsaya minti goma. Katako ne aka kafa wa soket talatin ko fiye, wayoyi sun yi cincirindo kamar kaji a akurki, kowace an manna mata lamba. A gefe ga ƙaramin janareta ko batirin sola, ga tsohuwar kwamfuta cike da fina-finan Hausa da fassarar Indiya da wa'azi da karatun Alƙur'ani. Saurayin da ke zaune a wurin wataƙila aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, amma yana buɗe waya ya canza mata gilashi, yana tura fim cikin mimori, yana koya wa dattijo yadda zai ajiye lambar ɗansa da ke ci-rani a Legas. Samari kuma na tsaye suna tura wa juna abubuwa ta Xender da Bluetooth, ba su kashe ko sisin data ba.

Wannan rumfa ita ce cibiyar fasahar garin, kuma tana da abubuwa uku da ɗakin kwamfutar makaranta bai cika samu ba: wuta a kullum, mai gyara a kusa, da mutanen da ke zuwa don kansu. Yaron da ke zaune a gaban malami da safe ya bi ta wannan rumfa jiya da yamma. Ya san hoto mai motsi, ya san saƙon murya. Abin da bai taɓa gani ba shi ne a yi amfani da waɗannan a koya masa kashi-kashi na lissafi ko zagayen jini a jiki.

3.0 Ma'aunin Satumba 2021

Shekara biyu suka nuna mana iyakar abin da muke taƙama da shi. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Makarantun kuɗi na birane suka koma Zoom da WhatsApp, jihohin Arewa kuma suka koma ga rediyo da talabijin, domin rediyo na nan a gidaje da yawa. Makarantu ba su daɗe da dawowa ba, sai ga daren 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, kuma tsoro ya shiga zukatan iyaye a duk faɗin yammacin jihar.

A irin wannan hali ne masu shawara ke cewa, to, ga amfanin karatu daga nesa. Sai dai a watan Satumba na 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 don toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa da masu kai masu rahoto. Safana da Batsari suna ciki, haka Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara da Dutsin-ma da Kurfi. A daidai wannan lokaci aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama. Abin ya ɗauki watanni. Ba hukuncin wannan mataki na zo yi ba, masana tsaro sun yi ta muhawara a kansa. Abin da ya shafe mu shi ne, a rana guda duk wata manhajar karatu da ta dogara da intanet ta zama hoto. Mai son aika saƙo sai ya hau mota ya nemi garin da ke da sabis, ko ya rubuta wasiƙa ya ba direba, kamar zamanin kakanninmu.

Me ya ci gaba da aiki a waɗannan watanni? Allo da alli, inda makaranta ke buɗe. Rediyo mai batir. Abin da aka riga aka zuba a mimori. Da malamin da ke zaune a garin, wanda yara suka san ƙofar gidansa.

Don haka nake ba da shawarar a riƙa yi wa kowane shirin fasaha da za a kawo wannan yanki tambaya guda: da an kawo shi kafin Satumba 2021, da ya rayu? Ko ba a sake katse layi ba, kuma muna roƙon Allah kada a sake, ranakun da sabis ke ɗaukewa da kansa, da ranakun da malami ba shi da kuɗin data saboda wata ya yi nisa, sun isa su sa tambayar ta zama ta kullum. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan firamare da sakandare, wasu ma da Hausa. Aiki ne mai kyau. Amma darajarsa a Runka tana ga abin da za a iya saukewa a Dutsin-ma ko Katsina a kawo a aljihu, a raba daga waya zuwa waya kamar yadda ake raba fim.

4.0 Inda abin ke cizo: ɗakin jarrabawa

Ana iya cewa a bar ƙauye ya bi a sannu. Jarrabawa ce ba ta bari. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma matakin farko shi ne aika saƙo ta waya a karɓo lambar sirri. WAEC ta fara tata da kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana ƙudurin mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, an ga inda aka dosa.

Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Hukumar ta sauƙaƙa, ta sa ana iya yin komai da madannai kaɗan: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙa aiki. Ga wanda ya saba, wasa ne. Na taɓa tsayawa a bayan wata yarinya daga wani ƙauye na wannan yanki a wajen gwaji, kwana kaɗan kafin jarrabawa. Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta kamar mai taɓa ƙwai, kibiyar ta gudu ƙarshen allo, ta ɗaga linzamin sama tana neman ta dawo da ita. Da na nuna mata madannan, cikin rabin awa ta saki jiki, kuma amsoshinta na kimiyyar halittu sun fi na yawancin 'yan birnin da ke ɗakin. Ta tambaye ni a hankali, "Malam, in na danna ba daidai ba, ba zai goge sunana ba?" Wannan tsoro shi ke cin minti ashirin na farko na yaran ƙauye, kuma minti ashirin tambaya talatin ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kowace shekara haka muke yi wa 'ya'yanmu: a zuba su a mota da asuba zuwa Dutsin-ma ko Katsina, a zaunar da su gaban na'urar da ba su taɓa taɓawa ba, sakamako ya fito a ce yaran karkara ba su da ƙoƙari.

Maganin wannan bai kai tsadar da ake zato ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka biyar, da faifan sola da batir, da manhajar gwajin jarrabawa wadda ba ta buƙatar intanet, sun isa kowane ɗan aji shida ya zauna sau da yawa kafin ranar. Abin da ke da wuya shi ne samun malamin da zai buɗe ɗakin, wanda shi kansa ba ya tsoron na'urar, kuma ba a tsorata shi da cewa in ta lalace daga albashinsa za a cire ba.

5.0 Malamin da kansa

Katsina ba baƙuwar horar da malamai ba ce. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, don samar da malamai aka kafa ta. Wancan ma juyi ne: allo da tawada suka haɗu da boko, kuma waɗanda suka tsara shi sun fara ne da mutumin da zai tsaya gaban aji. Da aka zo shirin ilimin firamare kyauta na 1976, aka buɗe makarantu fiye da malaman da ake da su, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar don cike giɓin ta hanyar karatu daga nesa. Har yau muna biyan bashin waccan gaggawar.

Yanzu muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, da sassan ilimi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma wadda aka kafa a 2011. Jarrabawar samun lasisin koyarwa ta hukumar TRCN ma da kwamfuta ake yin ta. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 bayan ta yi masu jarrabawa, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ke da ɓangaren koya wa 'yan mata fasahar dijital. Kayan aiki dai akwai. Matsalar tana cikin salon horon.

Mun san yadda bita take. A tara malamai a otal ko babban ɗakin taro kwana uku, a nuna masu hotuna a bango da Turanci, a raba jaka da biro da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Wanda aka tura ma sau da yawa ba shi ne mai koyarwa a ajin ba. Ranar Litinin malamin ya koma aji mai yara fiye da yadda ido zai ƙirga, wasu a ƙasa, rufin ya yaye, abin da aka nuna masa a otal ba shi da mazauni a nan.

Duniya ta riga ta gwada zuba na'urori ba tare da malami ba. Shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka gwada a makarantar Galadima da ke Abuja a 2007, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba ɗaruruwan dubban kwamfutoci, binciken da aka yi daga baya bai ga ƙaruwa a lissafi ko karatu ba. Jihar Osun ta raba wa ɗalibai allunan Opon Imo a 2013. Jihar Edo kuwa a 2018 ta bi wata hanya, ta ba malamai allunan da ke ɗauke da darasin kowace rana a rubuce. Ina da ja a kan wannan ma, domin malamin da ke karanto darasi kalma bayan kalma ya kusa zama lasifika, amma aƙalla an gane hannun da ya kamata na'urar ta fara shiga. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya yi irin wannan gargaɗi, cewa hujjojin amfanin na'urori ba su kai yawan tallarsu ba.

Abin da nake gani zai yi aiki a Safana da Batsari ƙarami ne, ba ya ɗaukar ido. Malaman makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, da rana, a garin da ya fi aminci. Kowa ya zo da wayarsa. Wanda ya fi iyawa ya nuna abu guda: yadda ake sauke bidiyon gwajin kimiyya a adana, yadda ake naɗar karatun Hausa ko Turanci da murya a tura wa iyaye, yadda ake ajiye makin yara a jadawali. Wata mai zuwa kowa ya faɗi abin da ya faru da ya gwada. Na ga wani malamin firamare da ya jingina wayarsa da kwalin alli a kan tebur, ya kira yara goma-goma suna kallon yadda iri ke tsirowa cikin minti ɗaya, sauran suna kwafar aiki a allo. Da aka tashi, yaran, waɗanda duk 'ya'yan manoma ne, suka yi ta gardama a kan ko gero ma haka yake yi. Washegari suka zo da gwangwanaye da ƙasa. Babu wanda ya koya masa wannan a bita, kuma da kuɗinsa ya yi cajin wayar.

Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Malamin da aka tura ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya, in ya samu hanya zai nemi canji zuwa gari, kuma wanda ya iya kwamfuta shi ya fi saurin samun hanyar. Duk horon da ba a haɗa shi da alawus na zaman karkara da ɗaukar 'yan asalin yankin ba, birni ake yi wa. Malamai mata kuma, waɗanda su ne iyaye ke yarda su bar 'yan mata a hannunsu, su suka fi ƙarancin mallakar babbar waya.

6.0 Ƙirƙirarriyar basira da harshen aji

Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamba 2022, ɗalibanmu na manyan makarantu suka gano ta kafin mu. Yanzu malami na iya neman tsarin darasi ko tambayoyin gwaji ya samu cikin daƙiƙoƙi. Ga mai koyar da darussa uku da ba fanninsa ba, wannan taimako ne na gaske. Amma injin yana ƙarya da fuskar gaskiya, kuma Hausarsa, duk da Google ta sa Hausa a manhajar fassararta tun 2013, sau da yawa Turanci ce sanye da babbar riga. Misalansa na ƙasashen da ake bayani da tuffa da dusar ƙanƙara ne. Malamin da ya san darasinsa zai tace, ya musanya tuffa da goruba. Wanda bai sani ba zai kwafe kuskuren a allo, yara saba'in su kwafe a littafi. Ke nan injin ya ƙara wa sanin darasi daraja, ya kuma ɗora wa kwalejojinmu sabon aiki: koya wa ɗalibi yadda zai tuhumi amsa kafin ya karɓe ta. Wani ƙaramin abu da muke rainawa: malamai da yawa ba su san wayarsu na iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba, alhali saita madannan Hausa bai wuce minti biyu ba.

7.0 Sabuwar manhaja da mai rumfar caji

Manhajar karatun da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 ta sa ilimin dijital tun daga firamare, ta kuma kawo darussan sana'a, cikinsu har da haɗa wutar sola da gyaran kwamfuta da wayar salula. A takarda, wannan ya dace da Runka fiye da yadda ya dace da Abuja, domin sola da waya su ne abin da garin ke rayuwa a kai. Tambayar ita ce wa zai koyar. Mai takardar NCE ɗin da ke makarantar bai taɓa riƙe abin narka dalma ba. Wanda ya iya yana rumfar caji, kuma ba shi da takardar da doka za ta bari a kira shi malami.

Ina roƙon hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da kwamitocin kula da makarantu na al'umma su duba yiwuwar haɗa waɗannan mutum biyu. A ɗauki mai gyaran a matsayin mai koyar da aikin hannu na awa biyu a mako, da ɗan alawus, malamin aji na tsaye yana kula da tsari da tarbiyya, shi ma yana koyo. Shi ne kuma zai riƙa duba batir da faifan solar makarantar, maimakon a jira ɗan kwangila daga Katsina wanda ba zai biyo hanyar ba sai da rakiya. A gwada a makaranta biyu ko uku a Safana da Batsari na tsawon zangon karatu uku, a rubuta abin da ya lalace da abin da aka kashe da yawan yaran da suka zauna gaban kwamfuta kafin ranar JAMB, a kawo mana alƙaluman mu duba.